Tahamisi da "copied": zare kan izinin kwafa

1/ Jiya a rukunin WhatsApp na 'yan ajinmu aka turo wani rubutu kan tarihin Jega. Na gane shi, abokina ne ya kwana biyu yana haɗa shi. An goge sunansa, an sa "copied" a ƙasa. Da na yi magana wani ya ce ai ilimi ba mallakar kowa ba ne, magabata ma kwafa suke yi. Rabin maganarsa gaskiya ce. Ku biyo ni.

2/ Jami'armu ta Aliero sunan Abdullahi Fodiyo aka sa mata. A zamaninsa, littattafansa irin su tafsirin Liya'ut Tawili da hannu suka yaɗu. Ɗalibi ya ari littafi, ya zauna da alƙalami da tawada ya kwafe, wani kuma ya kwafa daga nasa. Haka suka fita daga Gwandu. Ba kuɗin izini, amma sunan mawallafi na nan a farkon littafi.

3/ Ba kwafa kaɗai ba, har da ƙari. Shi ne tahamisi: ka ɗauki baitin wani mai ɗango biyu, ka sa naka uku a gabansa, su zama biyar. Ishiriniyar da muke ji lokacin Mauludi haka take. Asalinta na Alfazazi ne, mutumin Andalus da ya rasu a 1230, Ibn Mahib ya yi mata tahamisi.

4/ Misalin da ya fi burge ni shi ne Tabbat Haƙiƙa. Shehu Usmanu ya yi ta da Fulatanci, Nana Asma'u ta mayar da ita Hausa, Isa ɗan Shehu ya yi tahamisi. Hannu uku a waƙa ɗaya. Kuma a ƙarshenta an faɗi wanda ya yi kowane aiki. Nan fa mai "copied" ya kauce hanya.

5/ Yau doka ta juya lamarin. Da zarar ka rubuta abu ko ka ɗauki hoto, haƙƙin mallaka naka ne ko ba ka nema ba. A dokar Najeriya ta 2022, wadda Buhari ya sa wa hannu a 2023, rubutu na cikin kariya har shekara 70 bayan rasuwar marubuci. Fassara ma sai da izini. Wato da yau ne, abin da Nana ta yi sai an nemi yarda tukuna.

6/ Saboda haka aka kafa Creative Commons a Amurka a 2001, lasisinsu na farko ya fito a Disamban 2002. Wanda Wikipedia ta koma a 2009, har da ta Hausa, shi ne CC BY-SA: kwafa, fassara, gyara, ko sayarwa ma ka yi. Sharaɗi biyu ne. Ka ambaci mai shi, kuma abin da ka ƙara ka sake shi a kan wannan izinin.

7/ Ban ce abu ɗaya ba ne fa. A da kunya da amana ke tsare sunan malami, ba takardar lasisi ba, kuma sai mai iya karanta Larabci ko ajami ke kaiwa ga rubutun.

8/ Ni abin da ya dame ni: zangon da ya wuce na nemi hoton rumbunan albasar Aliero don wani aikin aji. Na gansu da yawa a Facebook, ba suna, ba izini, ban san wa zan tambaya ba. Ranar Asabar in sha Allahu zan ɗauki nawa, in biya Maiyama in ƙara, in ɗora a Wikimedia Commons. Abokina kuma ya sake sa rubutunsa, da sunansa a sama.