Al'adun Aure: Abin da Shari'a ta Wajabta da Abin da Mutane suka Ƙara

Duk wanda ya taɓa zama da alƙalami a gaban alƙali ya san babu ƙarar da ta fi ta aure yawa. Haka abin yake tun zamanin kotunan En'e, kafin gwamnati ta karɓe su a 1968, har wa yau kuwa bai sake ba. In aure ya zo rabuwa, sai miji ya shiga lissafi, ga toshi, ga kuɗin gaisuwa, ga lefe, ga sayen baki. Alƙali kuwa abin da yakan fara tambaya ɗaya ne, watau nawa ne sadaki. Daga nan mai hankali zai gane aure yana da gindi, yana kuma da rassa.

Gindin ba shi da yawa. Littattafan Malikiyya da alƙalanmu suke hukunci da su, kamar Risala da Muhtasar, sun nuna aure yana ƙulluwa da waliyyi, da siga, da sadaki, da shaidu biyu adilai. Mafi ƙarancin sadaki rubu'in dinari ne, ko dirhami uku. Walima abin so ce, rashinta ba ya ɓata aure. Kamu, da sa lalle, da gara, da buɗar kai, babu ko ɗaya a cikin sharuɗɗan. Kakanninmu sun san haka sarai, gama suna yin auren sadaka, inda uba zai kai wa malami 'yarsa ba a nemi lefe ba, ba kuwa wanda ya ce auren bai ɗauru ba.

Gardama a kan rassan nan ta daɗe. Shehu Usmanu ɗan Fodiyo, a cikin Ihya'us Sunna da ya wallafa wajen 1793, ya soki waliyyai masu cinye sadakin mace, alhali haƙƙinta ne. Ya kuma yi horo a bar cuɗanyar maza da mata. Amma bayan jihadin 1804 ba a daina lalle ba, ba a daina gara ba. Baba ta Karo, wadda aka haifa wajen 1877, ta ba Baturiya Mary Smith labarin bukukuwan ƙasar Zazzau a 1949 da 1950, mai karatu kuwa zai iske yawancin abin da ta faɗa ana yinsa har gobe. Kaya ne kaɗai suka sauya. Wuri ya ba sule wuri, sule ya ba naira a 1973. Lefe da fari sunan kwandon kaba ne da ake zuba zane da turare a ciki, sa'an nan ya koma fantimoti, yanzu ga akwatuna a jere.

To, me ya sa mutane suka riƙe abin da ba a wajabta musu ba? Dalili na fari shaida. A zamanin da ba a rubuta aure a takarda, kiɗa da guɗa da rabon goro su ne rajista, kowa a unguwa ya ji wance ta zama matar wane. Na biyu biki, wanda a bakin mata rance ne. Wadda aka kai wa sule a bikin 'yarta takan mayar da sule biyu ran bikin ƙawarta, ta haka matalauciya take samun abin yi wa 'yarta kayan ɗaki. Wadda ta ƙi shiga kuwa ta yanke igiyar da za ta ja ta ran bukata. Na uku, ƙorai da tasoshin jere dukiyar amarya ce, in wuya ta zo ta sayar. Na huɗu shi ne mai ciwo, watau tsoron gori, kada a ce gidan wane sun gaza.

A wannan na huɗun ɓarna take. Saurayi ya shekara biyar yana tara lefe, budurwa na zaune, uba ya jinginar da gona saboda gado da kujeru. Auren gata da Hukumar Hisba ta Kano ta soma a 2012, inda gwamnati ta ɗauki nauyin sadaki da kayan ɗaki, shaida ce cewa nauyin ya fi ƙarfin talakawa da yawa.

Saboda haka, jama'a, al'adar da take sanar da aure, ko take taimakon mai aurarwa, a riƙe ta gwargwadon hali. Wadda take hana aure, ko take jefa ango cikin bashi, a sauke ta ba tare da jin kunya ba. Ran da aka zo gaban alƙali ba za a tambayi yawan akwatuna don a san ko aure ya ɗauru ba. Allah ya ba mu ikon bambancewa, amin.