Rigakafin zazzaɓin cizon sauro: wace dabara ce ta fi sauƙin kuɗi, daga Gamkalley zuwa dajin Gaya

Zazzaɓin cizon sauro, wanda ma'aikatan likita ke kira palu, shi ne ciwon da ya fi kai mutane asibiti a Nijar, musamman daga watan Yuli zuwa Oktoba. Hukumar Lafiya ta Duniya, OMS, ta ƙiyasta cewa ya kashe mutane 597,000 a duniya a shekarar 2023, kuma kusan kashi 6 cikin 100 nasu ƴan Nijar ne. Najeriya da Kwango Kinshasa kaɗai suka sha gabanmu, alhali jama'arsu ta ninka tamu sau huɗu ko fiye. Dabarun rigakafi suna da yawa, amma kuɗin ba su isa a yi duka ba. Shi ya sa masana ba su tsayawa ga farashin kaya. Abin da suke aunawa shi ne nawa aka kashe kafin a hana mutum guda kwanciya, ko a hana yaro guda mutuwa. Alƙaluman da ke ƙasa da dalar Amurka aka yi su, mun juya su zuwa sefa a kan kimanin 600 kowace dala.

Sauron Gamkalley iri biyu ne

Gamkalley, a gunduma ta huɗu ta birnin Yamai, tana bakin kogin Isa, ga garake na kayan miya, ga gonakin shinkafa na Saga ba nisa. A watan Satumban 2020 ruwan kogi ya kai wajen mita 7 a Yamai, ya shiga unguwannin da ke gaɓa, ya bar tabkuna da suka daɗe ba su ƙafe ba. Duk wanda ya kwana a unguwar da damina ya san sauronta.

Sai dai yawancin sauron da ke hana barci da kuka a kunne, wanda ke fitowa daga lambatu da ramin wanka, shi ake kira kuleks, kuma ba ya ɗaukar palu. Mai ɗaukar ciwon ita ce macen anofel. Ta fi son ruwa mai ɗan tsabta da rana ke bugu: kududdufin ruwan sama, ramin ban ruwa na garka, fadamar shinkafa, har da sawun kofaton shanu. Cikin dare take cizo, yawanci bayan an kwanta. Yashe lambatu aikin kirki ne, yana rage ƙazanta da cizo, amma shi kaɗai ba ya rage palu yadda ake zato.

Sange

Sange mai magani shi ne ya fi kowace dabara aiki a tarihin wannan yaƙi. Wani babban bincike da aka buga a mujallar Nature a 2015 ya ƙiyasta cewa an hana kamuwa sau miliyan 663 a Afirka tsakanin 2000 da 2015, kuma kashi 68 cikin 100 na wannan nasara sange ne ya kawo ta. Gwaje-gwajen da aka yi a ƙauyuka sun nuna cewa idan yara 1,000 suna kwana cikinsa, ana tsirar da rayuka biyar zuwa shida a shekara. Wani nazari na 2011 da ya tattara bincike da dama ya sa kuɗin kare mutum guda da sange tsawon shekara a dala 2.20, wato wajen sefa 1,300. Nijar ta yi rabon farko na ƙasa baki ɗaya a watan Disamban 2005, tare da ɗigon shan inna, inda aka raba sange sama da miliyan 2.

A kwatanta da abin da gida ke kashewa da kansa. Mu ɗauka ana sayen maganin sauro na kunnawa na sefa 100 kowane dare. Cikin dare 120 na damina an ƙone jika 12, hayaƙin kuma ba ya kai asuba. Da waɗannan kuɗi an rufe ɗakuna da dama da sange.

Matsalarsa biyu ce. Ta farko, sangen da ke ninke cikin akwati, ko wanda aka kewaye shuka da shi, kuɗinsa sun tafi a banza. A Yamai zafi na fitar da mutane tsakar gida, kuma sau da yawa sange na rataye a ɗaki, mai shi na waje. Ta biyu, sauro ya saba da maganin da aka daɗe ana sakawa a zaren. Sabon sange mai magani biyu ya ɗan fi tsada, amma a gwajin Tanzaniya da Benin ya rage kamuwar yara da sama da kashi 40 cikin 100 a kan tsohon, kuma OMS ta ba da shawarar amfani da shi a 2023.

Maganin damina na yara, CPS

A nan ne Nijar ta yi fice. Tun 2012 OMS ta ba ƙasashen Sahel shawarar a riƙa ba yara masu wata 3 zuwa 59 magani sau ɗaya a wata lokacin damina, ko da lafiyarsu lau. An fara a Nijar a 2013, a wasu yankunan Damagaram, Maraɗi da Tawa, tare da ƙungiyar likitoci ta MSF, sannan aka faɗaɗa. Lissafin da aka yi kan aikin 2016 a ƙasashe bakwai ya nuna cewa zagaye huɗu sun ci dala 3.63 kowane yaro a matsakaici. A Nijar dala 2.71 ne, wajen sefa 1,600, mafi arha cikin bakwai ɗin, yayin da a Gambiya ya kai dala 8.20. Hana mutuwar yaro guda a Nijar ya tashi a kimanin dala 534, wato jika 320. A duk fannin kiwon lafiya da wuya a sami abin da ke sayen rai da wannan farashi. Cikin kwana 28 bayan sha, maganin na rage kamuwa da kusan kashi 88 cikin 100.

Amma wannan lissafi ya rataya ne a kan uwa. Ranar farko masu rabo ne ke ba yaro ƙwayoyi biyu a gabansu. Na rana ta biyu da ta uku a hannun uwa ake barin su. Ɗaya daga cikin ƙwayoyin na da ɗaci, wani yaro ya yi amai, wata uwar ta ajiye saura wai sai ranar da jiki ya yi zafi. Kuɗin gwamnati dai sun riga sun fita, kariyar ce ta ragu. A ganina wannan ita ce asara mafi girma a unguwa irin Gamkalley, inda masu rabo ke iya zaga gidaje da dama kafin azahar.

Mata masu ciki su ma suna da nasu, ƙwayar da aka fi sani da Fansidar, aƙalla sau uku daga wata na huɗu. Arha gare ta, sai dai sai an je awon ciki.

Feshi da allura

Fesa magani a bangon ɗaki yana aiki, amma nazarin 2011 ya sa shi a dala 6.70 kowane mutum a shekara, ninki uku na sange, kuma sai an sake kowace shekara. Feshin hayaƙi da mota a titi kuwa, wanda jama'a ke murna da gani, OMS ba ta ba da shawarar a yi shi don palu ba. Zuba maganin kashe tsutsar sauro a ruwa yana biyan kuɗinsa inda wuraren ƙyanƙyasa kaɗan ne, tsayayyu, ana iya gano su. Garaken bakin kogi na iya shiga wannan sahu. Daji ba ya shiga.

Allurar rigakafi ta shigo Nijar a watan Satumban 2024, an ƙaddamar da ita a Gaya. Sau huɗu ake yi wa yaro. Farashin farko na RTS,S ya kai yuro 9.30, wajen sefa 6,100 kowace allura, R21 kuma ba ta kai dala 4 ba. Ta fi CPS tsada nesa, amma ba kishiyarta ba ce. A wani gwaji a Burkina Faso da Mali da aka buga a 2021, yaran da suka samu biyun sun fi waɗanda suka sha CPS kaɗai tsira daga palu mai tsanani da kusan kashi 70 cikin 100.

Idan aka shiga daji

A kudancin jihohin Doso da Tilaberi, wajen Gaya, Sayi, Tamu da kewayen gandun dajin W, ruwa ya fi yawa, itace ya fi kauri, lokacin palu ya fi tsawo. A can farashin sange da na ƙwaya bai sake ba. Abin da ya sake shi ne kuɗin kai su: man babur, kwalekwale, kwanakin ma'aikaci, hanyar da ruwa ya yanke, ga rashin tsaro da ya addabi yankin W a shekarun nan. Makiyayi, masunci da mai saran itace kuma ba su kwana wuri guda, wani ma ba bangon da za a fesa.

Duk da haka lissafin bai nuna a bar su ba. Inda ciwon ya fi yawa kuma likita ta fi nisa, kowane sange na hana kamuwa da mutuwa fiye da na birni, don haka ko kuɗin kaiwa sun ninka, ribar na nan. Ɗan Gamkalley da ya suma da dare ana iya kai shi asibiti cikin mintoci, ɗan ruga kuwa sai an nemi amalanke. Abin da ke rage wannan tazara shi ne wakilin lafiya na ƙauye, wanda ake kira rele: mutumin garin da aka horar, aka ba shi abin gwajin jini na minti 15 da maganin kwana uku. An gwada tsarin a jihar Doso daga 2013. Ƙasar Kambodiya ma da irinsa ta ci ƙarfin palu a dazuzzukanta, ta haɗa da sangen da ake ɗaurawa tsakanin itace biyu don masu kwanan daji. Rele ba ya buƙatar gini ko mota, amma in kayan gwaji suka yanke ko ɗan alhakinsa ya tsaya, aikin ya tsaya.

Yawancin kuɗin sange, CPS da kayan gwaji daga waje suke zuwa, musamman daga asusun Fonds mondial da shirin Amurka na PMI, wanda Nijar ta shiga a 2017. A 2025 gwamnatin Amurka ta rufe hukumar USAID wadda ke tafiyar da shirin, ta kuma rage tallafin lafiya da take ba ƙasashen waje.