Bikin Jiragen Sama na Oshkosh: Yadda Baƙi ke Samun Masauki

A ƙarshen watan Yulin kowace shekara, garin Oshkosh da ke jihar Wisconsin a Amurka kan karɓi baƙuncin ɗaya daga cikin manyan bukukuwan baje kolin jiragen sama na duniya, wanda ake kira AirVenture.

Garin dai yana da mutane kimanin 66,000 ne, amma a shekarar 2024 masu shirya bikin sun ƙirga shigar mutane kusan 686,000 filin a cikin kwanaki bakwai.

Wannan ne ya sa samun wurin kwana ya zama babbar matsalar da duk mai niyyar zuwa ke fara tunani a kai.

Asalin bikin

Ƙungiyar masu ƙera ƙananan jirage da sha'awar tuƙinsu, EAA, wadda Paul Poberezny ya kafa a 1953, ita ce ke shirya taron.

An fara shi a Milwaukee, aka mayar da shi Rockford a jihar Illinois a 1959, sannan ya koma Oshkosh a 1970. A 2020 an soke shi saboda annobar korona.

Jirage sama da 10,000 ne ke sauka a filin jirgin sama na Wittman da filayen da ke kusa da shi, kuma baƙi kan zo daga ƙasashe fiye da 90.

Otal-otal

Ɗakunan otal a cikin garin kan ƙare tun da sauran watanni, domin da yawa daga masu zuwa duk shekara suna kama ɗakin baɗi kafin su bar garin.

Farashi kan tashi sosai a wannan mako, kuma wasu otal ba sa bayar da ɗaki sai ga wanda zai biya kuɗin kwanaki da dama a jere.

Wanda ya makara sai ya nufi garuruwan maƙwabta kamar Neenah da Appleton da Fond du Lac, ko Green Bay mai nisan kilomita kimanin 80. Wasu har Milwaukee suke kwana, tafiyar kusan awa ɗaya da rabi a mota.

Ɗakunan ɗalibai da gidajen jama'a

Da yake bikin na zuwa ne lokacin hutu, Jami'ar Wisconsin da ke Oshkosh kan buɗe ɗakunan kwanan ɗalibai ga baƙi, akwai kuma motocin safa da ke kai su filin.

Sun fi otal araha, sai dai a yawancinsu ana haɗa banɗaki da sauran jama'a, kuma ba kowane ɗaki ne ke da na'urar sanyaya iska ba.

Mazauna garin da dama kuma kan bayar da hayar ɗaki ko gida sukutum. Dokar harajin gwamnatin tarayyar Amurka ta taimaka a nan, domin ba a karɓar haraji a kan kuɗin hayar gidan da mutum ke zaune a ciki idan hayar ba ta wuce kwana 14 a shekara ba.

Sai dai ya kamata mai nema ta intanet ya tabbatar da gidan da mai shi kafin ya tura kuɗi, saboda 'yan damfara kan tallata gidajen da ba nasu ba.

Kwana a tanti

Dubun-dubatar mutane sun fi son sansanin Camp Scholler da ke maƙwabtaka da filin, inda ake kafa tantuna da ajiye motocin da ake kwana a cikinsu.

Sharaɗin shi ne a kowane wuri a samu ɗan ƙungiyar EAA. Wanda ya riga zuwa shi ke samun wuri mai kyau, shi ya sa wasu ke kama nasu makonni kafin buɗewa.

Matuƙan da suka zo da jiragensu kuwa kan kafa tanti a ƙarƙashin fiffiken jirgin, a ɓangaren da ake kira North 40.

Amma yanayin Yuli a yankin na zuwa da zafi da ruwan sama mai tsawa. A 2019 ruwa ya jiƙa ƙasar sansanin har aka jinkirta shigar wasu motoci da jirage.

Ga baƙon da zai taso daga wata ƙasa, abin da ya fi dacewa shi ne ya kama masauki tun farkon shekara, ya kuma zaɓi wanda za a iya mayar masa da kuɗinsa idan bizar Amurka ba ta fito a kan lokaci ba.