Tsibiran Sandwich na Kudu

Tsibiran Sandwich na Kudu jerin tsibirai ne guda 11 a can kudancin Tekun Atilantika, kimanin kilomita 700 kudu maso gabas da tsibirin Jojiya ta Kudu. Aman wuta ne ya samar da su duka, sun jeru kamar baka daga arewa zuwa kudu. Babu mahaluƙin da ke zaune a cikinsu. Ƙanƙara ta lulluɓe mafi yawansu, igiyar ruwa kuma takan hana jirgi kusantar gaɓa.

Kyaftin James Cook ne ya fara hango na kudancin a 1775, ya raɗa wa yankin sunan shugaban rundunar ruwan Birtaniya na lokacin. A 1819 matuƙin jirgin ruwa na Rasha, Bellingshausen, ya gano uku na arewa. Birtaniya ke riƙe da su a yau, ko da yake Ajantina ma tana iƙirarin mallakarsu, har ta kafa sansani a tsibirin Thule daga 1976 zuwa 1982.

Darajar wurin dai tana ga tsuntsayensa. Zavodovski, wanda ya fi sauran kusa da arewa, faɗinsa bai wuce kilomita biyar ba, amma fenguwin sama da miliyan guda ke taruwa a kansa lokacin ƙyanƙyasa. Akasarinsu irin masu baƙin zare ne siriri da ya zagayo ƙarƙashin haɓa, kamar igiyar hular kwano. Ba sa tashi sama, iyo ne gwanintarsu. Mace da namiji kan tara tsakuwa su yi sheƙa, a saka ƙwai biyu, su riƙa karɓa-karɓa wajen kwanci: ɗaya na kan ƙwai, ɗayan ya faɗa teku neman ƙananan jatan-lande da ake kira kiril. Abin da ya ja su nan shi ne ɗumin dutsen Curry mai aman wuta, wanda ke narkar da dusar ƙanƙara ya bar musu busasshiyar ƙasa. Warin kashinsu idan ya haɗu da hayaƙin farar wuta yakan tari jirgi tun daga nesa, shi ya sa sunayen Turanci na wasu gaɓoɓin tsibirin ke nufin ɗoyi.

Akwai kuma fenguwin masu rawayar tukku, da fararen tsuntsayen ƙanƙara masu sheƙa a kogunan duwatsu, da tsuntsun da ake kira sukuwa mai satar ƙwai da 'yan tsaki. Ɓera bai taɓa samun gindin zama a tsibiran ba, kuma wannan babbar sa'a ce ga tsuntsun da ke kwanci a ƙasa.

A 2012 aka ayyana tekun da ke kewaye da su a matsayin yankin da ake karewa, aka taƙaita kamun kifi. Dutsen kuwa babu dokar da ke iya hana shi aman wuta: a 2016 Curry ya yi aman toka ya rufe wani babban sashe na Zavodovski, daidai lokacin da tsuntsayen ke sake gashi, lokacin da ba sa iya shiga ruwa su tsira.