Igiyar roba: yadda masu jiragen iska ke ɗauri da ita, da amfaninta a ƙasar Cadawa

Igiyar roba ita ce igiyar da ke miƙewa idan an ja ta, kuma ta koma yadda take idan an sake ta. Masu ƙananan jiragen ruwa da iska ke turawa sun daɗe suna aiki da ita. Irin wannan jirgi yana da babban ƙyalle mai ƙarfi da ake kira filafili. Ana shimfiɗa shi a jikin dogon itace, iska ta buga shi, jirgi ya tafi. Har yau ana ganin waɗannan jirage a kogin Nilu na ƙasar Masar da gaɓar Zanzibar, kuma a cikin irinsu ne alhazan ƙasarmu masu tafiya a ƙasa suka riƙa ƙetare Bahar Maliya daga Sawakin zuwa Jidda.

Idan jirgi ya tsaya, dole a naɗe filafili a ɗaure shi, don kada iska ta warware shi ta yaga. A da, da gajerun igiyoyi ake wannan ɗauri. Yanzu da yawa sun koma ga igiyar roba mai ɗan ƙwallo ko guntun itace a bakinta. Ana zagaya ta a jikin ƙyallen, a maƙala ƙwallon cikin zoben igiyar, shi ke nan, babu ƙulli.

A Cadawa da Age da Gazawa da Gidan Rumji babu mai jirgin iska. Amma akwai tamfol, kuma tamfol da filafili halinsu ɗaya ne a gaban iska. Da shi ake rufe buhunan gero da wake da aya, da shi ake yin rumfar kasuwa, da shi ake lulluɓe kaya a kan amalanke. Guguwar da ke rigayar ruwa a farkon damina, wajen watan Mayu da Yuni, takan taso daga gabas ba tare da dogon gargaɗi ba. Tamfol ɗin da aka ɗaure ba daidai ba yakan tashi ko ya yage, ruwa ya sami hatsi. Aikin shekara guda yana iya lalacewa a dare ɗaya.

Dalilin da ya sa roba ta fi

Iska ba ta ja a hankali, fizga take yi. Igiyar kaba, ko ta rama, ko ta leda, ba ta miƙewa sosai. Idan iska ta fizga, duk ƙarfin fizgar yana sauka a kan hudar da aka zura igiya, sai gefen tamfol ya tsage daga nan. Roba kuwa tana miƙewa ta shanye fizgar, sa'an nan ta mayar da tamfol wurinsa a ɗame. Tamfol ɗin da ke a ɗame ba ya kaɗawa, kuma kaɗawa ce ke cinye shi fiye da ruwa.

Wannan ba raina igiyar kaba ba ne. Mutanen Gulbin Kaba sun san aikinta tun kaka da kakanni, kuma wajen ɗaurin dami ko darni ba ta da na biyu. Kowace igiya da inda take aiki.

Iri biyu da ake samu

Na farko shi ne igiyar kamfani. A cikinta akwai siraran zaruruwan roba masu yawa, a waje kuma an saƙa mata riga ta zare domin ta kare robar daga rana da gogayya. Kaurinta yakan kama daga milimita 4 zuwa 10, kuma sau da yawa tana da ƙugiya a kowane baki. Akan same ta wurin masu sayar da kayan babur a Maraɗi da manyan kasuwanni. Kafin ka saya, ja ta ka saki. Idan ba ta koma tsawonta na farko ba, robar ciki ta mutu. Duba rigar kuma: idan ta koɗe ko ta fara tsittsinkewa, ta daɗe a rana.

Na biyu shi ne robar cikin taya, wadda kowa ya sani. Da ita ake ɗaure jarka a bayan keke, da ita ake ɗinka guga. Mai faci yana da tsofaffi da suka wuce gyara, kuma kuɗinsu kaɗan ne. Asalin roba ƙaron wani itace ne na ƙasar Birazil, kuma a shekarar 1844 wani Ba'amurke mai suna Charles Goodyear ya yi rajistar hanyar dafa shi da farar wuta don ya yi ƙarko. Amma yawancin robar cikin taya ta yau ba daga itace take ba. Daga man fetur ake haɗa ta, tun bayan da aka gano hanyar yin haka a Amurka a shekarar 1937. Irin wannan ta fi ta itace jure rana, abin da ya dace da ƙasarmu.

Yadda za ka yi maɗauri irin na masu jirgi

Sami robar cikin tayar mota. Kada ka yanka ta a tsaye. Yanka ta a gicciye da almakashi mai kaifi, faɗin yatsa biyu, sai ka sami zobe wanda ba shi da ƙulli ko kaɗan. Yankan ya zama sumul, domin ƴar tsaga guda a gefe ta isa ta tsinka zoben idan an ja shi. Bar wurin da aka yi faci da wurin bakin iska.

Daga nan sai ka feƙe guntun itace mai tauri, kamar na aduwa, tsawon yatsa. Zarge shi a gefe ɗaya na zoben. Zura ɗaya gefen cikin hudar tamfol, ka zagaya shi a jikin turke ko itacen rumfa, ka dawo ka maƙala guntun itacen a cikinsa. Idan ɗaurin ya yi sako-sako, ƙara zagaye ɗaya. Idan ya yi gajere, sarƙa zobe biyu. Ta haka maɗauri ɗaya yake biyan buƙatu da yawa, kuma ko cikin duhu ana iya kwance shi.

Tamfol da yawa hudojinsu sun riga sun yage. Kada a huda sabuwa da wuƙa. A sa ƙwallon goruba ta ƙarƙashin tamfol, a tattara tamfol ɗin a kansa, a zarge wuyansa da roba. Wannan riƙo ya fi huda ƙarfi. A ƙasar rairayi kuma turke ba ya daɗewa bai tumɓuke ba, gara a ɗaura igiya a tsakiyar guntun itace a binne shi a kwance, zurfin kamu ɗaya. Maɗaurai da yawa, kowane taki guda, sun fi huɗu masu kauri a kusurwoyi.

Abin da za a kiyaye

Kada a ja roba har ƙarshen miƙewarta. Idan tsawonta kamu biyu ne, kada ta wuce kamu uku a ɗaure, domin a bar mata saura da za ta karɓi fizgar iska. Man fetur da baƙin mai suna lalata ta. Idan aka ga ƙananan tsagogi a jikinta sa'ad da aka ja, a canja ta kafin damina.

Babban haɗarinta shi ne ido. Ƙugiyar da ta suɓuce tana dawowa da gudu, kuma likitocin ido a ƙasashe da dama sun ba da labarin mutanen da suka rasa gani ta wannan hanya. Mai ɗauri ya kawar da fuskarsa daga saitin igiya, ya ja ta gefe, ya kuma nisantar da yara. Wannan shi ya sa guntun itace ya fi ƙugiyar ƙarfe aminci. A tsince guntayen da aka yanke, kada dabbobi su haɗiya, kada kuma a jefa su wuta saboda hayaƙinsu yana da guba.

Masu jirgi ba su dogara ga roba wajen riƙe nauyi ba. Filafilin da aka naɗe kawai take riƙewa, kuma idan sun ga alamar babbar guguwa sai su ƙara igiya a kai. Haka ya kamata a yi a kan amalanke da babur: buhuna da duro a ɗaure su da igiya mai ƙarfi tukuna, robar ta riƙe tamfol ɗin da ke samansu.