Gwanjon sulallan azurfa na Birtaniya: abin da ke sa tsabar sule biyar ta yi tsada

A cikin tsofaffin kuɗaɗen Birtaniya akwai wani nau'i da masana ke kira furuf, wato bugu na musamman wanda ba don hada-hadar kasuwa aka yi shi ba. Akan goge hatimin ƙarfen da za a buga shi da shi, a goge fallen azurfar, sannan a danna fiye da sau ɗaya, har filin tsabar ya fito yana sheƙi kamar madubi, zanen kuma ya tashi sarai.

Wanda ya fi shahara a cikinsu shi ne Gothic Crown na shekarar 1847, zamanin Sarauniya Biktoriya. William Wyon, babban mai sassaƙa na ma'aikatar buga kuɗi ta masarauta, shi ya zana fuskar sarauniyar sanye da kambi. An buga guda 8,000 kacal. Nauyin kowanne ya ɗan haura giram 28, kashi 92.5 cikin ɗari azurfa ce, darajarsa kuwa a lokacin sule biyar. A gefensa akwai rubutun Latin mai nuna shekara ta goma sha ɗaya ta sarautarta. Akwai kuma masu gefe sumul, da bugun 1853, waɗanda suka fi wuyar samu.

Azurfar da ke jikinsa ba ita ke jawo farashi ba. A yau mai kyau yakan kai dubban fam. Lafiyar fuskar tsabar ita ce magana. Kamfanonin tantancewa biyu na Amurka, PCGS da NGC, sukan duba tsaba su ba ta maki daga 1 zuwa 70, su rufe ta cikin kwanson roba. Tazarar maki ɗaya a saman ma'aunin tana iya ninka farashi. Shi ya sa goge tsaba don ta yi haske babbar asara ce: ƙyalle mai laushi ma yakan bar siraran zane a kan madubin nan, kuma idon mai tantancewa ba ya kuskure su. Duhun da azurfa ke yi da tsufa, wanda baƙon harka zai ɗauka dauɗa ce, sau da yawa shi masu saye ke nema.

Gidajen gwanjo irin su Spink da Noonans a Landan, da Heritage a Amurka, sukan fitar da kundin kaya kafin ranar ciniki, ana kuma iya tayawa ta intanet. Sai dai kuɗin da aka buga guduma a kai ba shi ne ƙarshe ba. Akwai la'adar gidan gwanjo, wadda takan kai kashi 20 cikin ɗari ko fiye, ban da haraji da kuɗin aikawa. Jabun Gothic Crown kuma sun yi yawa, don haka tsabar da aka san hannayen da ta bi tun da can ta fi samun masu tayi.