Koyar da Masu Sikizofireniya Karanta Fuska: Nazarin Dacewar Horon da Majinyatan Shika

Tsakure

Wannan maƙala ta duba horon da ake ba masu sikizofireniya domin su gane halin da zuciyar wani take ciki, ta auna shi da ɗabi'un Hausawa, sannan ta kafa hujja cewa wajibi ne a sake ginin sa da fuskoki da muryoyin gida kafin a kai shi ga majinyatan Asibitin Koyarwa na Jami'ar Ahmadu Bello da ke Shika, Zariya.

Asalin mas'alar

Tun da Eugen Bleuler ya raɗa wa wannan cuta suna a 1908, hankalin likitoci ya fi karkata ga alamominta na zahiri, wato jin muryoyin da babu mai su da riƙe zato marar tushe, alhali akwai wata illa ɓoyayya wadda magani bai cika taɓa ta ba, ko da ciwon majinyaci ya lafa an sallame shi: gazawa wajen fahimtar abin da fuskar ɗan'uwansa take faɗa. Hausawa na cewa labarin zuciya a tambayi fuska, kuma malaman Musulunci sun daɗe da ba wannan fanni suna firasa, har Fakhruddin Ar-Razi ya keɓe masa littafi. To, wanda aka hana shi wannan karatu yakan ɗauki gajiyar mahaifiyarsa fushi, ya ɗauki murmushin mai awo a kasuwar Sabon Garin Zariya izgili, daga nan sai ya janye daga jama'a, mu'amala ta yanke. Kohler da abokan aikinsa, da suka tattara bincike 86 a 2010, sun tabbatar da cewa naƙasun babba ne.

Hanyoyin horo

A Jamus, Frommann da Wölwer sun bayyana wani tsari a 2003 na zama 12 cikin mako shida, inda ake nuna wa majinyata hotuna, a koya musu duban gira da ido da baki ɗaya bayan ɗaya, su furta abin da suka gani kafin su yanke hukunci. A Amurka, Penn da Roberts sun gina wani na rukuni-rukuni mai ɗaukar kimanin wata biyar, wanda ya ƙara da yaƙar saurin zargi. Nazarin Kurtz da Richardson na 2012, wanda ya haɗa bincike 19, ya nuna cewa horon yana gyara gane fuska gyara na a zo a gani.

Tattaunawa

A nan ne ya kamata a dakata. Tushen waɗannan hanyoyi shi ne nazariyyar Paul Ekman cewa farin ciki da baƙin ciki da fushi da tsoro da ƙyama da mamaki suna da siffa ɗaya a fuskar kowane ɗan Adam. Sai dai Elfenbein da Ambady sun nuna a 2002 cewa mutum ya fi gane halin 'yan al'ummarsa a kan na baƙi, wanda ke nufin hoton Bature, komai kyawun ɗaukarsa, raunanan ma'auni ne ga mutumin Samarun Zariya.

Abin da ya fi wannan nauyi, a ganina, shi ne kunya, wadda Kirk-Greene ya lissafa cikin siffofin mutumin kirki a wurin Hausawa a 1974. Horon yana cewa a dubi ido, tarbiyyarmu kuwa tana umartar yaro ya sunkuyar da kai gaban uba, da malami, da suruki, ta kuma yabi wanda ya haɗiye ɓacin ransa da haƙuri har fuskarsa ba ta nuna komai ba; saboda haka saurayin da aka koya wa ƙura wa mutane ido a asibiti, idan ya koma gida ya yi wa baffansa haka, za a ce ciwon ne ya dawo, alhali darasi yake bi. Bahaushe yana karanta zuciya a wurare da dama: a gajartar gaisuwa, a tsaki, a harara, a shirun da ya biyo bayan magana, a yadda aka ja kalmar "to" ko aka datse ta.

Tun da Shika take karɓar majinyata daga birnin Zariya da ƙauyukan kewaye, kuma galibi ɗan'uwa ne yake rako majinyaci ya zauna jinya, akwai damar da za a gina a kanta, irin wadda likita Thomas Adeoye Lambo ya hango a asibitin Aro a 1954 sa'ad da ya sanya dangi cikin magani. Shawarar wannan maƙala ita ce a ɗauki hotuna da muryoyin Hausawa maza da mata, da yardarsu, a fara gwada su a kan lafiyayyu domin a san abin da jama'a suka yi ittifaƙi a kansa, a sanya mai jinya cikin kowane zama, sannan a auna nasara da komawar majinyaci gona ko shago ko sahun masallaci bayan wata shida.